Shekara arba'in yana Daura, har yanzu baƙo ne?

Lawal Tela: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun jiya, na ce bari in kawo shi gabanku. Duk mai bi ta layinmu ya san dattijon nan mai shayi da ke gefen shagona. Ba zan kama sunansa ba, mu dai Baba muke ce masa. Mutumin Damargu ne, can arewa da Damagaram. A 1984 ya shigo Daura, shekarar da fari ya ƙarar musu da dabbobi. Da buta da bargo ya zo. Ya yi garuwa, ya yi gadi, daga baya ya kafa tebur. 'Yar cikin gari ya aura, Allah ya jiƙanta, bara waccan ta rasu. 'Ya'yansu shida, duk a nan aka yanke musu cibiya.

Autan ya gama sakandare yana son shiga soja, aka ce sai da takardar indijin. Ni na raka shi da ƙafata. Mutumin da muka tarar a tebur ya tambaye shi garin ubansa, yaro bai iya ƙarya ba, ya faɗa. Sai ya ture fom ɗin gefe ya ce, "Ku je ƙasarku a ba ku." Yaron nan bai taɓa wuce Kwangwalam ba. Da muka dawo ya zauna kan bencina tun hantsi har la'asar bai ce uffan ba, uban na fifita wuta yana satar kallonsa.

Tambayata ita ce: mutumin da ya shigo ba takarda, ya zauna cikinmu shekara arba'in, ba a taɓa jin kansa da kowa ba, ya dace a ba shi takardar zama ɗan ƙasa ko bai dace ba? Ku faɗi gaskiyar abin da ke ranku.

Alhaji Sada: Wa alaikumus salam. Lawal, na tausaya wa yaron, Allah ya sani. Amma tunda gaskiya ka nema, ni ban goyi baya ba. Na yi shekara 35 ina aikin gwamnati a Katsina, na ga yadda ake rabon gurbin aiki da na karatu da tallafin ɗalibai, duk ƙidayayye ne, kowace ƙaramar hukuma da kasonta. 'Ya'yanmu da kakanninsu ke kwance a maƙabartun garin nan ba su samu ba. Iyakarmu da Nijar ta kai wajen kilomita 1,500, mafi yawanta fili ne fetal, ko shinge babu. Ranar da aka ce duk wanda ya daɗe a ba shi, gobe kowa zai ce ya daɗe. Wa zai ƙaryata shi?

Abba Kusugu: Baba Alhaji ya gama magana. Ƙasar da ba ta san nata ba, ba ƙasa ba ce.

Kabiru Jibiya: Ku mutanen Daura kuna kwana da ido biyu rufe shi ya sa kuke wannan hira. Ku zo Jibiya, ku zo Batsari da Safana. Ƙanin mahaifina ya yi kwana 41 a daji, sai da muka sayar da gona da shanun huɗa kafin ya dawo, ya dawo kuma ba ya iya taka ƙafa. Bindigogin nan ba a Katsina ake ƙera su ba, tun da Libiya ta rushe a 2011 suke kwararowa ta hamada. Ga Lakurawa can sun ɓulla Sakkwato da Kebbi. A irin wannan hali ne za a ce a raba wa baƙin haure takardar ƙasa? Ni dai a'a.

Lawal Tela: Allah ya ƙara wa baffanka lafiya, Kabiru. Amma dubi kalmar da ka yi amfani da ita. Da na ce Baba mai shayi kowa ya tausaya, da ka ce baƙin haure kowa ya ɗaure fuska. Mutum ɗaya ne fa.

Kabiru Jibiya: Baba ɗaya ka sani. Doka kuwa ba don mutum ɗaya ake yin ta ba.

Issufu Maraɗi: Salamu alaikum. Ni ina cikin zauren nan saboda kasuwanci, ban cika magana ba, amma yau an taɓo mu. Malam Kabiru, ina yi maka jaje, mu ma Madarunfa da Gidan Runji wutar nan ta ci mu. Sai dai ka san manyan 'yan bindigar da ake kiran sunayensu a rediyo haihuwar Zamfara da Katsina da Sakkwato ne, an san iyayensu, an san rugagensu. Kuma tun 2019 da abin ya tsananta, dubun dubatar mutanenku sun ƙetaro jihar Maraɗi, mata da goyo, tsofaffi a kan jakuna. Ba wanda ya tsayar da su bakin gari ya ce ina fasfo. Gidan yayata kaɗai mutum goma sha ɗaya suka sauka, aka raba musu ɗaki da hatsi. Har yau wasu na nan, 'ya'yansu na makaranta tare da namu.

Kabiru Jibiya: Wannan gaskiya ne, ba zan musa ba. Dangin matata ma Ɗan Isa suka gudu. Allah ya saka da alheri. Amma saukar baƙo daban, ba shi gadon gida daban.

Barista Rabi: Ku yi haƙuri, ina kotu ne sai yanzu na buɗe waya. Yaya Lawal, an cakuɗa magana biyu a nan, ta yaron da ta uban, kuma ba hukuncinsu ɗaya ba.

Yaron ɗan Nijeriya ne tun ranar da aka haife shi, ba alfarma ba ce. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun 'yancin kai, in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Ɗaya aka ce, ba a ce uba ba. Uwarsa 'yar Daura ce, magana ta ƙare. Ko shugaban ƙasa yake so ya tsaya, in shekarunsa sun kai, sashe na 131 bai hana shi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne takardar indijin. Ita ba takardar zama ɗan ƙasa ba ce, shaida ce ta ƙaramar hukuma, kuma bisa al'ada garin uba ake bi. Shi ya sa za ka ga yaro cikakken ɗan ƙasa a doka, amma ba shi da ƙaramar hukumar da za ta ce nata ne, alhali soja da ɗan sanda da jami'a duk ita suke tambaya.

Shi kuwa Baba, sashe na 27 ne nasa. Ana son mutum ya zauna shekara 15, ya zama mai kyawun hali, ya nuna nan zai ci gaba da zama, yana da abin da yake amfanar ƙasa da shi, sannan gwamnan jihar ya gamsu cewa mutanen wurin sun karɓe shi kuma ya saje da su. Shugaban ƙasa ne ke ba da takardar. In ka bi sharuɗɗan nan ɗaya bayan ɗaya, Baba ya cika su ya yi saura. Abin da ba shi da shi takardun da ma'aikatar cikin gida ke nema ne a Abuja, izinin zama, shaidar biyan haraji, da kuɗin da mai shayi ba zai taɓa tarawa ba. A Satumban 2022 an ba mutum 286 takardar a fadar shugaban ƙasa, da yawansu 'yan Labanon ne. Ba na ƙyashinsu, sun bi hanya. Amma hanyar ta masu lauya ce da kamfani.

Hajiya Binta: Barista, to da matar ce 'yar Nijar, mijin ɗan Daura fa?

Barista Rabi: Da an huta, Hajiya. Sashe na 26 ya ba matar da ta auri ɗan Nijeriya damar yin rajista ta zama 'yar ƙasa. Mijin da ya auri 'yar Nijeriya ba shi da wannan damar. A Maris na 2022 an kai ƙudurin gyara wannan gaban majalisar tarayya, suka kayar da shi.

Hajiya Binta: Ikon Allah. Wato nonon da yaro ya sha ba a lissafa shi.

Alhaji Sada: 'Yata Rabi, na gode da bayani. Maganar yaron na janye, tunda doka ta ba shi. Amma ta uban ina nan kan bakana, kuma ga dalilina na gaskiya: ƙuri'a. Kun manta surutun da aka yi a 2019 da gwamnonin Damagaram da Maraɗi suka halarci taron kamfe a Kano? Har yau mutanen kudu na cewa muna ɗebo 'yan Nijar su yi mana zaɓe, su ƙara mana yawa a ƙidaya. Ƙarya ce mafi yawanta, amma ranar da aka yi afuwar gama-gari mun miƙa musu sanda da hannunmu. A ba shi katin zama, ya yi sana'arsa, ya je asibiti, kada jami'in shige da fice ya taɓa shi. Ƙuri'a kuwa a bar wa 'ya'yansa.

Nura Amurka: Salam daga nesa. Ƙarfe shida na safe ne a nan, na tashi na tarar da saƙo ya taru. Baba Alhaji, wallahi da za a juya maganarku zuwa Turanci a karanta a gidan rediyon nan, ba wanda zai ce daga Katsina ta fito. Gardamar da suke yi ke nan shekara da shekaru, a kan mutum sama da miliyan 11 da ke zaune ba takarda, galibinsu daga Meziko da ƙasashen kudu da ita.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, in aka tambayi mutanen gari, mafi yawansu ba su ƙi ba. Cibiyar Gallup ta yi tambayar a 2024, lokacin da zancen kan iyaka ya yi zafi sosai, kashi 70 cikin ɗari suka ce a ba su hanyar zama 'yan ƙasa in sun cika wasu sharuɗɗa. A 2025 abin ya hau zuwa 78. Amma a 2024 ɗin nan dai kashi 55 suka ce a rage shigowar baƙi, kuma a shekarar suka zaɓi Trump da ya yi alƙawarin kora. Mutum ɗaya zai ce maka a rufe iyaka, a kwashe su duka, ka ce masa har da matar da ke kula da tsohuwarsa, ya ce a'a, ita mutuniyar kirki ce. Akwai wani dattijo da nake kai wa kaya, kullum yana zagin baƙi a gabana, amma da aka kama mai yanke masa ciyawa shi ya biya lauya.

An taɓa yin afuwar. A 1986 Reagan, ɗan jam'iyyar Rifablikan ne ma, ya sa hannu kan dokar da ta halasta zaman mutum wajen miliyan 2.7, sharaɗin babba shi ne ka shigo kafin 1982. Masu adawa na cewa an yi alƙawarin daga nan za a toshe ƙofa, ba a toshe ba, shi ya sa ba su ƙara yarda ba. A 2013 majalisar dattawa ta amince da wani ƙudurin da ƙuri'a 68 da 32, majalisar wakilai ta ƙi ko sauraronsa. Yaran da aka shigo da su suna ƙanana, Obama ya ba su kariya ta wucin gadi a 2012, yanzu wasunsu sun haura shekara 35, da 'ya'yansu, har yau bayan shekara biyu-biyu suke sabunta takarda.

Alhaji Sada: Ka ji ko. An yi afuwa, wasu suka sake cikawa. Abin da nake gudu ke nan, Nura.

Nura Amurka: Haka ne Baba. Amma shekara kusan arba'in da suka ƙi sake yi ma ba ta hana shigowa ba. Abin da ta haifar shi ne mutanen da ake cuta ba su iya zuwa wurin 'yan sanda.

Maman Sadik: Ni ba boko na yi mai zurfi ba, amma wannan magana jikina ta gaya mini. A Makka aka haife ni. Kakata ta tafi da ƙafa ta Sudan, mahaifiyata can ta tashi, ni ma haka. Takari suke ce mana. Ba igama, wato takardar izinin zama, ba makarantar gwamnati, in ka ga motar askarawa sai ka shige lungu. Ina da shekara 24 aka kama ni a bakin titi ina sayar da ruwa da goyon Sadik a bayana. Kwana goma sha tara a gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, sannan aka saka mu jirgi zuwa Kano. Na sauka da baƙar abaya da leda ɗaya, Hausata ma ta karye, Larabci ke fito mini. Na zo garin da aka ce nawa ne ban san kowa ba, yara na bina suna cewa 'yar Makka. Can ba tasu ba ce, nan ma sai da na shekara biyar kafin in ji ni mutum ce.

Duk shekara muna zagin Larabawa a kan wannan, muna cewa ba su da imani, mutum ya haihu a ƙasarsu ya tsufa su kore shi. To mu da muka ce wa yaron nan ya je ƙasarsu, me ya raba mu da su?

Hajiya Binta: Allah sarki. Kin sa ni hawaye, 'yar'uwa.

Abba Kusugu: Allah ya ba ki haƙuri Mama. Amma ai Saudiyya da tsaurin nan ta zauna lafiya.

Maman Sadik: Ɗana, da kuɗin mai ta zauna lafiya. Mu da muke share musu gida ba mu hana su barci ba.

Malam Ɗahiru: Na daɗe ina karantawa, bari malamin tarihi ya sa baki. Iyakar da muke magana a kai, Ingila da Faransa suka shata ta a takarda, aka kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908. Kafin nan fa? Da jihadi ya ci Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe arewa suka yi, su ne suka kafa Maraɗi, shi ya sa har gobe sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Mu nan Daura, sarakunanmu sun yi zaman Zango kusan shekara ɗari, sai 1904 Turawa suka maido da Malam Musa kan gadon. Ƙasar Daura ta dā ta shiga har cikin inda yau ake kira Nijar, wajen Magarya. Akwai garuruwan da gona ke nan, gida ke can. Ban faɗi wannan don in ce babu iyaka ba. Akwai ta, an mutu a kanta, kuma ƙasa dole ta san mutanenta. Na faɗa ne don mu san baƙon Amurka teku ko hamada ya ƙetaro zuwa wurin wasu mutane, namu kuwa sau da yawa gidan kawunsa ya zo.

Sannan mun taɓa gwada kora, mun ga ƙarshenta. A 1969 gwamnatin Busia a Gana ta kori baƙi, Hausawa da Yarbawa suka dawo da tabarmi a ka, wasu an haife su a zangon Kumasi. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba marasa takarda mako biyu su fice, mutum wajen miliyan biyu suka fita, rabinsu 'yan Gana, har jakar nan da ake kira Ghana Must Go ta samo sunanta daga nan. An ce su suka cinye aiki. Da suka tafi aikin bai dawo ba, makarantu ne suka rasa malamai. A 1985 aka sake.

Wanda ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne na Alhaji Shugaba Darman. Shugaban masu rinjaye ne a majalisar jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP. A Janairun 1980 aka ɗauke shi aka kai shi Chadi aka ajiye, wai ubansa ba ɗan Nijeriya ba ne. Sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa. In an iya yi wa ɗan majalisa haka, mu mutanen bakin iyaka wa ya tsira? A zauren nan, wa zai rantse cewa cikin kakanninsa huɗu babu wanda ya fito daga Tasawa ko Kance ko Damagaram?

Issufu Maraɗi: Allah ya gafarta Malam. Kuma shekarar da Baban nan ya zo, mu a nan yunwar sunanta El-Buhari, don an rufe boda daga 1984 har 1986, hatsi ya daina shigo mana. Tsofaffinmu da ita suke lissafin shekarun haihuwa.

Abba Kusugu: Malam Issufu, a bar marigayi Buhari ya huta don Allah. Shi ne fa ya ja layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ana ta zaginsa a kai.

Issufu Maraɗi: Allah ya jiƙansa, ban faɗa don cin fuska ba, sunan da aka sa ne. Da bakinsa ya ce yana da 'yan'uwa a Nijar. Ranar da aka rufe shi a Daura firaministanmu na wurin, tsohon shugabanmu Mahamadu Isufu ma na wurin, alhali gwamnatocinmu ba sa ga maciji. Abin da nake nufi ke nan. Hanta da jini ne.

Shugaban Zaure: Jama'a a koma kan batu. Ba siyasar jam'iyya, dokar zaure ce.

Kabiru Jibiya: To ni ga tambaya, kuma da zuciya ɗaya nake yi. A ce na yarda. Wa zai tantance? Za ku ce mai unguwa da dagaci su shaida. Mu a wajenmu mun ga mai ba ɓarayi labari yana sallah sahu ɗaya da mu shekara goma. Mun ga inda aka sayi sa hannu da kuɗin da bai kai buhun masara ba. Mai gaskiya irin yaron nan shi ake korowa, maƙaryaci kuwa tuni yana da indijin da katin zaɓe da fasfo. Ku gaya mini yadda sabuwar dokar ba za ta zama sabuwar kasuwa ba.

Barista Rabi: Yaya Kabiru, tambayarka ita ce mai wuyar, kuma ba ni da amsar da za ta rufe ta ruf. Amma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: mugun ya riga ya samu. Tsarin da muke kai yanzu mutanen kirki kaɗai yake tacewa. In aka sa sharaɗin shekaru masu yawa, aka ce shaidu su zama maƙwabta da limamin unguwa da sunayensu a rubuce, wanda ya yi shaidar zur ya hau kansa, aka ɗauki hoton yatsu, to aƙalla an san wane ne wane, a ina yake kwana. Mutumin da ba ya cikin kowane littafi ai shi ya fi wuyar nema ranar da aka yi ɓarna. Ko lambar NIN ma, baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yana iya yi, ba ta nufin ya zama ɗan ƙasa.

Wani abin kuma, inuwar da irin su Baba ke fakewa a ciki ta fara janyewa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar kwana 90 ba biza. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanensu su yi zirga-zirga har sai an sake sanarwa. Sanarwa ce kawai ke riƙe da su yanzu.

Alhaji Sada: Ai an buɗe rajistar baƙi a 2019, aka ba marasa takarda wata shida su je su rubuta suna ba hukunci. Me ya hana shi zuwa? Wanda ke son gida ai ya kan yi sallama.

Lawal Tela: Ranka ya daɗe, na san wannan don a gabana aka yi. Tsoro ne ya hana shi. A korar 1985 yana gadi a gidan wani Alhaji, mai gidan ya ɓoye shi a ɗakin ajiyar hatsi kwana tara, da dare ake miƙa masa tuwo ta taga. Abokinsa da suka zo tare an saka shi a mota, bai ƙara jin ɗuriyarsa ba. Da aka yi shelar rajistar nan a rediyo sai ya rufe tebur sati guda, ya ce mini, "Lawal, haka suke farawa, su rubuta ka sannan su zo." Na yi na yi ya ƙi. Wata guda bayan nan kuma aka rufe boda, sai ya ce ka gani ko.

Alhaji Sada: Hmm. Allah ya kyauta.

Hajiya Binta: Ni abin da ban gane ba, in aka yi rasuwa a unguwa shi ke fara zuwa haƙar kabari, Lawal ya sha faɗa. Ranar ba wanda ke tambayarsa takarda.

Abba Kusugu: Gaskiya ni matsalata aiki ne. Shekara huɗu da gama digiri ina zaune. In na ji an ce a ƙara mutane sai gabana ya faɗi.

Malam Ɗahiru: Abba, damuwarka halas ce, kuma ba ka kaɗai ba ne. Amma ba ƙara mutane za a yi ba, suna nan tun kafin a haife ka. Dattijo mai shekara kusan saba'in ba zai yi takarar aiki da kai ba. Wanda zai yi takara da kai ɗansa ne, shi kuwa ka ji Barista ta ce haƙƙinsa daidai yake da naka.

Lawal Tela: Jama'a na dawo daga isha'i. Na zauna na karanta wa Baba saƙonninku, har da na masu cewa a'a, ban ɓoye masa ko ɗaya ba. Da na zo kan na Kabiru ya ce a gaya masa yana yi wa baffansa addu'a, kuma da shi ne a Jibiya da abin da zai faɗa ke nan. Da na zo kan na Alhaji ya ce shi bai taɓa sha'awar ƙuri'a ba, abin da yake so biyu ne, a bar shi a binne shi kusa da matarsa, yaron kuma a ba shi takardarsa. Na Maman Sadik kuwa sai ya ce in sake karantawa.

Sannan ya shiga ciki ya fito da wani tsohon gwangwanin madara ɗaure da tsumma. Rasit ne na kuɗin tebur da yake biya, wasu sun yi ja har rubutun ya goge, da katin rigakafin yaran duka shida, da katin zaɓen marigayiya. Ya ce bai san ko suna da amfani ba, ya dai ƙi zubarwa.

Barista Rabi: Suna da amfani ƙwarai. Ka ɗauki hoton katin marigayiya gaba da baya, da katin rigakafin yaron, ka turo mini ta akwati yanzu. Akwai wani namiji a dangin uwar da ke raye?

Lawal Tela: Akwai yayanta, yana nan cikin gari, mai unguwarsu ya san gidansu tun kakanni.

Barista Rabi: To shi za a tafi da shi, ta gidan uwa za mu nema. In sun ƙi, su ba mu ƙin a rubuce, ni zan rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma.

Kabiru Jibiya: Ka gaishe da Baba, ka ce na gode da addu'a. Ra'ayina kan afuwar gama-gari bai canza ba, sai na ga yadda za a tace.

Alhaji Sada: Nawa ma haka, Lawal, katin zama ban da ƙuri'a. Amma Litinin ina da ɗaurin aure a Daura da safe. In an shafa fatiha zan biyo ta shagonka mu tafi ofishin tare, akwai waɗanda na yi aiki da iyayensu. Ka ce wa yaron ya sa manyan kaya, ya zo da sakamakon jarrabawarsa da hoto huɗu.

Lawal Tela: Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe. Ƙarfe nawa za mu sa ido?

Alhaji Sada: Sha ɗaya, in Allah ya kai mu.